Auna Kumburin Koniya: Wace Na'ura Ta Dace da Wane Asibitin Ido?

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin duba ido ya san wannan yanayin: an cire wa dattijo yanar ido jiya, yau an buɗe bandeji, sai ga baƙin idon ya yi hazo kamar gilashin da aka hura wa numfashi, shi kuma yana cewa, "Likita, har yanzu dishi-dishi nake gani." Abin da ke gaban likita shi ne ya gane ko kumburi ne na 'yan kwanaki wanda zai sace da kansa, ko kuwa wata fata ce ta ɓalle a ciki wadda sai an koma ɗakin tiyata. Wannan rubutu na likita ne, ko ma'aikacin ido, ko mai kula da kuɗin asibiti, wanda ke da halin sayen na'ura ɗaya ko biyu, kuma dillalai sun cika masa tebur da takardun farashi.

Koniya ita ce fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido, kuma ita ce ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Kaurinta a tsakiya, a matsakaici, wajen maikiron 540 zuwa 550 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Abin da ke hana ta jiƙewa shi ne wata shimfiɗa guda ta ƙwayoyin halitta a bayanta, mai suna endoteliyam, wadda ke kwashe ruwa dare da rana kamar famfo. Baligi yana da kusan ƙwayoyi 2,500 a kowace murabba'in milimita, suna raguwa sannu a hankali da shekaru, kuma wadda ta mutu ba a maye gurbinta. Maƙwabtanta ne ke faɗaɗa su toshe gurbin. Idan adadin ya faɗi zuwa wajen 500, famfon ya gaza, ruwa ya taru, koniya ta yi kauri ta dushe. Hakan na faruwa bayan tiyatar yana, da cikin cutar Fuchs mai lalata waɗannan ƙwayoyin, wadda likitan Ostiriya Ernst Fuchs ya bayyana a 1910, da lokacin da matsin ido ya hau farat ɗaya, da cikin wasu cututtukan ƙwayoyin cuta, da kuma lokacin da koniya mai tsini, wato wadda cuta ta sa ta sirance ta turo gaba, ta tsage daga ciki.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne tambayar da na'urar ke amsawa, domin babu ɗaya daga cikinsu da ke auna ruwan da ke cikin koniya kai tsaye. Wata tana auna kauri, wata tana zana siffa, wata tana ƙirga ƙwayoyi, likita ne ke haɗa su ya ce akwai kumburi. Na biyu shi ne ko tana iya aiki idan koniyar ta riga ta yi hazo sosai, abin da takardun talla ba su cika faɗa ba. Na uku farashi, ba na saye kawai ba, har da abin da za a riƙa kashewa. Na huɗu ƙarko a yanayinmu na ƙurar hunturu, da zafin bazara, da wutar da ke zuwa ta ɗauke ba sallama. Na biyar sauƙin koyo da sauƙin aiki, na shida kuma haɗari ga majiyyaci, wanda galibi ya ta'allaƙa ne ga ko na'urar tana taɓa ido ko ba ta taɓawa.

Fitilar tsaga

Wannan ita ce wadda ma'aikata ke kira silit lam, kuma tun da Allvar Gullstrand na Suwidin ya fito da ita a 1911 ba a sami abin da ya kore ta ba. Da ita ake ganin bororo a saman koniya, da ninkewar fatar Descemet, wato siririyar fatar da endoteliyam ke manne da ita a bayan koniya, da ɗige-ɗigen nan na cutar Fuchs masu kama da tagullar da aka bubbuga da guduma. Tana nuna wace shimfiɗa ce ta kumbura, kuma sau da yawa tana nuna dalili. Rauninta shi ne ba ta ba da lamba, kuma sai kaurin ya ƙaru da wajen kashi biyar cikin ɗari kafin siraran layuka su fara bayyana, ninkewa kuwa sai ya kusa kashi goma. Likitoci biyu za su iya duba ido ɗaya, wannan ya ce kumburin kaɗan ne, wancan ya ce matsakaici ne. Farashinta ya faro daga masu sauƙi na Indiya irin na Appasamy har zuwa na Haag-Streit na Suwizalan, waɗanda ke haura dala dubu goma. Wajen ƙarko ba ta da na biyu: in ana rufe ta da mayafinta ana kuma ajiye ƙwan fitila na ko-ta-kwana, za ta yi shekaru ashirin tana aiki. Ƙara mata kyamara, ko da abin maƙala waya ne, yana ba da damar gwada hoton yau da na makon jiya. Ita ba ta zaɓi ba ce, dole ce, domin asibitin da ba shi da mai kyau bai kamata ya fara maganar sauran ba.

Fakimita mai aiki da sauti

Ƙaramin abu ne, wasu kamar Pachmate ana riƙe su kamar alƙalami. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a dangwala kan na'urar a tsakiyar koniya, ita kuma ta aika sauti ta lissafa kaurin daga lokacin da amon ya ɗauka kafin ya dawo. Kuɗinta dala dubu kaɗan ne, tana aiki da batiri, tana shiga jaka zuwa aikin ƙauye, kuma hazo bai cika hana ta ba da lamba ba. Ma'aikacin jinya zai koye ta a yini ɗaya. Tana kuma da amfani na biyu, domin mai kula da masu gilakoma, wato hawan jinin ido, yana buƙatar sanin kaurin koniya kafin ya yarda da awon matsin ido.

Sai dai a nan ne aka fi yin kuskure. An daɗe ana ambaton maikiron 640 a matsayin iyakar da, in mai cutar Fuchs ya wuce ta, tiyatar yana kaɗai ba za ta wadatar ba, sai an haɗa da dashen koniya. Matsalar ita ce mutane ba kaurinsu ɗaya ba tun asali. Wanda aka haifa da 490 zai iya kumbura sosai bai kai 560 ba, lambar da za a ɗauka lafiyayya ce, wani kuma 600 nasa ne na haihuwa. Wannan ya fi shafarmu, tunda bincike da dama sun nuna cewa a matsakaici koniyar baƙar fata ta fi ta Turawa siranta. Ga shi kuma wuri ɗaya tak take aunawa, in hannun mai awo ya ɗan goce gefe, lambar ta hau, domin koniya tana ƙara kauri ne daga tsakiya zuwa gefe. Amfaninta na gaskiya shi ne bin ido ɗaya a tsawon lokaci, da gwada shi da ɗan'uwansa, kuma a riƙa awon a lokaci iri ɗaya na yini, domin koniya ta fi kauri da safe bayan barci. Haɗarinta na taɓawa ne: tana iya fasa bororo, ba a danna ta a kan gyambon da ya sirance, kuma a lokacin da ciwon Afolo ke yawo, kan da ba a goge da kyau ba zai iya rarraba cutar ga layin majiyyata gaba ɗaya. Kan nan kuma shi ne ke saurin lalacewa, faɗuwa ɗaya a siminti ta isa.

Kyamarar Scheimpflug

Sunan na wani hafsan sojan Ostiriya ne, Theodor Scheimpflug, wanda ya yi aiki a kan ɗaukar hoton ƙasa daga sama a farkon ƙarni na ashirin. Wadda aka fi sani ita ce Pentacam ta kamfanin Oculus na Jamus, akwai kuma Galilei da Sirius. Kyamara ce ke kewaya ido da shuɗin haske, a cikin kamar daƙiƙa biyu ta ɗauki hotuna 25 ko fiye, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da taswirar kauri daga gefe zuwa gefe, da siffar gaban koniya da ta bayanta, da lambar da ke nuna yawan hazo.

Darajarta ga kumburi ta fito fili ne daga aikin Sanjay Patel da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka. A 2019 sun bayyana alamu uku da ke nuna ɓoyayyen kumburi a cutar Fuchs, tun kafin fitilar tsaga ta ga komai. A lafiyayyar koniya, layukan taswirar kauri zobba ne a jere, wani cikin wani. In kumburi ya fara, sai zobban su karkace. Alama ta biyu ita ce wuri mafi siranta ya bar mazauninsa ya koma wani gefe, ta uku kuma bayan koniyar ya turu zuwa cikin ido a wani yanki. A binciken da suka biyo da shi a 2020, yiwuwar cutar ta ci gaba ko a kai ga dashe cikin shekaru biyar ta kasance kashi 7 cikin ɗari ga idon da ba shi da alama ko ɗaya, kashi 48 ga mai ɗaya ko biyu, kashi 89 ga mai dukkan ukun. Abin lura shi ne waɗannan alamu ba su dogara da kaurin da aka haifi mutum da shi ba, saboda haka ziyara ɗaya ta isa a ce wani abu mai ma'ana, wanda kuwa babban al'amari ne ga majiyyacin da ya taso daga nesa kuma ba lalle ya dawo ba. Ita ce kuma kan gaba wajen gano koniya mai tsini tun tana farawa, cutar da ake gani a matasan da suka girma suna murza ido saboda ƙaiƙayi.

Inda take gazawa shi ne daidai inda kumburi ya yi tsanani. Shuɗin haske yana warwatsuwa a cikin hazo ko hakiya, na'urar ta kasa gane iyakar bayan koniya, ta fitar da taswira mai launuka masu kyau wadda ba gaskiya ba ce. Tana son ɗaki mai duhu da majiyyacin da zai buɗe ido ya tsayar da shi, abin da ke wahala ga mai zubar hawaye. Ba ta taɓa ido, don haka haɗarinta kusan babu. Kuɗinta dubun-dubatar daloli ne, ɗaya za ta sayi fakimita fiye da goma, kuma tana da sassa masu juyawa da ba sa shiri da ƙura. Ɗaukar hoton yana da sauƙi, karanta taswirar ne ke buƙatar horo.

OCT na gaban ido

Fasahar OCT ta fito ne daga cibiyar MIT ta Amurka a 1991, aka fara gwada ta a gaban ido a 1994. Tana aiki kamar sikanin, amma da hasken da ido ba ya gani a madadin sauti, tana fitar da hoton koniya kamar an yanka ta an dubi gefen yankan. Iri biyu ne a kasuwa, kuma bambancinsu ya shafi aljihu. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don gaban ido, irin su Casia ta Tomey ta Japan da Anterion ta Heidelberg, masu amfani da haske mai tsawon zango wajen nanomita 1,300 (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiron), wanda ke ratsa hazo ya kai zurfi. Akwai kuma OCT na bayan ido, mai zangon wajen 840, wanda ake ƙara wa ɗan gilashi a gaba ya ɗauki koniya. Hotonsa yana da kaifi sosai, har yana rarrabe abin da bai wuce maikiron biyar ba, amma faɗin da yake ɗauka da zurfinsa sun fi ƙanƙanta.

A koma ga dattijon da aka fara da shi. Idan fatar Descemet ce ta ɓalle lokacin tiyata, fitilar tsaga ba lalle ta hango ta ta cikin hazon ba, Scheimpflug ma haka, fakimita kuwa lamba kawai za ta bayar. OCT zai nuna ta sarai, siririn layi yana reto a bayan koniya, likita ya san cewa iska zai saka a cikin idon ta mayar da fatar mazauninta, ba ɗigon gishiri zai ci gaba da rubutawa ba. Haka yake nuna ko dashen endoteliyam ya manne, da girman tsagar da ke cikin koniya mai tsini da ta cika da ruwa, da zurfin gyambo, wasu ma suna zana taswirar kaurin shimfiɗar sama ita kaɗai. A ganina, wannan ne ya fi dacewa da irin kumburin da ya fi zuwa asibitocinmu, tunda binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce ke kan gaba wajen haddasa makanta da kusan kashi 43 cikin ɗari, kuma yanar da ke zuwa mana galibi ta nuna ta yi tauri, fitar da ita tana wahalar da endoteliyam.

Ba ya taɓa ido, haskensa ba ya damun mai ciwo, ɗaukar hoton ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Farashinsa yana sahun na Scheimpflug ko sama, amma wanda ya riga ya mallaki na bayan ido zai iya samun gilashin gaba da lasisin manhajarsa a kan kaso kaɗan na kuɗin sabuwar na'ura. Shi ma wanda zai saya sabo, na'ura ɗaya za ta yi masa aikin masu ciwon suga da masu gilakoma, ta haka take mayar da kuɗinta. Rauninsa biyu ne: ba ya ƙirga ƙwayoyi, kuma ba ya yafe wa wuta marar tsari. Wanda bai tanadi inbata da sitabilaiza da ɗaki mai sanyi ba, ya sa kuɗinsu a lissafi tun farko, ya kuma tambayi dillali a rubuce inda injiniyan da zai gyara yake zaune da tsawon lokacin da kayan gyara ke ɗauka kafin su iso.

Madubin ƙidayar ƙwayoyi

Wannan, wanda ake kira sifekula, ba kumburi yake aunawa ba, famfon yake dubawa. David Maurice ne ya fara shi a 1968, yau kuma Konan da Topcon da Tomey da Nidek duk suna ƙera waɗanda ba sa taɓa ido. Yana ɗaukar hoton endoteliyam ya faɗi yawan ƙwayoyi, da bambancin girmansu, da kason masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, wanda a lafiyayyen ido yake haura kashi 60 cikin ɗari. Lokacin amfaninsa shi ne kafin a yi tiyata, musamman ga mai ido ɗaya, ko wanda aka taɓa yi wa aiki, ko wanda ɗayan idon ya kumbura bai sauka ba. Inda samun koniyar dashe ke da wuya, kamar yadda yake a yawancin yankinmu, sanin cewa famfon ya raunana tun kafin a sa wuƙa yana canza shiri da kuma abin da za a gaya wa iyali. Amma da zarar hazo ya shiga, hoton ya ɓace, sai a koma duba ɗayan idon. Ƙirgarsa ta kai tsaye kuma tana ruɗewa idan ɗige-ɗigen Fuchs sun yi yawa, ga shi ɗan ƙaramin fili yake ɗauka. Kuɗinsa yana tsakanin na fakimita da na OCT, aikinsa da sauƙi, kuma aiki ɗaya ya iya.

Madubin kwanfokal

Shi yana taɓa ido, yana nuna ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya a filin da bai wuce maikiron 400 ba kowane gefe, kuma yana iya ganin endoteliyam ta cikin hazon da ya gagari sifekula. Ƙarfinsa na gaske yana wajen gano zaren funfuna da ƙwayar cutar da ake kira akantamiba a gyambon koniya. Yana da tsada, kowane majiyyaci sai an sa masa sabon murfi, ƙwarewa a kansa kuma sai an yi watanni. Kayan asibitin koyarwa ne.

| Na'ura | Abin da take nunawa | Aiki cikin hazo | Farashi | Ƙarko | Sauƙi | Taɓa ido |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Fitilar tsaga | Alamu da dalili, ba lamba | Matsakaici | Ƙasa zuwa tsaka | Sosai | Sai gogewa | A'a |
| Fakimita | Kauri a wuri ɗaya | Mai kyau | Ƙasa | Mai kyau, ban da kai | Sosai | E |
| Scheimpflug | Taswirar kauri da siffa | Rauni | Sama | Tana tsoron ƙura | Karatu sai horo | A'a |
| OCT | Shimfiɗu, ɓallewa, kauri | Mafi kyau | Sama | Yana tsoron wuta | Mai sauƙi | A'a |
| Sifekula | Yawa da siffar ƙwayoyi | Ba ya yi | Tsaka zuwa sama | Matsakaici | Sosai | A'a |
| Kwanfokal | Ƙwayoyi da ƙwayoyin cuta | Mai kyau | Sama | Matsakaici | Da wuya | E |

Abu ɗaya da teburin bai ɗauka ba shi ne lambobin na'urorin nan ba sa musanyuwa. Fakimita kan ba da lamba da ta ɗan fi ta OCT a ido ɗaya, don haka wanda aka auna da wannan a Zariya aka kuma auna da wancan a Kano, bambancin maikiron goma ko ashirin ba hujjar sauƙi ko tsanani ba ne. A rubuta sunan na'urar da lokacin awon a katin majiyyaci.

Wa ya dace da wace

Ƙaramin asibiti, ko tawagar da ke fita aikin yana a ƙananan hukumomi, fitilar tsaga mai kyau da fakimita sun ishe su, muddin suna auna ido biyu kafin tiyata domin a sami abin gwadawa, kuma sun san inda za su tura wanda kumburinsa bai fara sauka ba bayan 'yan kwanaki. Asibitin da ke yin tiyatar yana da yawa kuma yake da kuɗin babbar na'ura ɗaya, OCT mai gilashin gaba ya kamata ya saya, sifekula ta biyo baya in hali ya samu. Wanda ya riga ya mallaki OCT na bayan ido ya fara tambayar kuɗin gilashin gaba kafin ya saurari tallan wata sabuwa. Likitan da ya keɓanta ga koniya, mai yanke shawara kan ko a cire yana kaɗai ko a haɗa da dashe, ko mai ganin matasa masu koniya mai tsini, shi ne Scheimpflug za ta biya wa buƙata. Cibiyar da ke yin dashe tana buƙatar OCT da sifekula tare, domin ɗaya yana nuna ko dashen ya manne, ɗayan yana nuna ƙwayoyi nawa suka rage a shekarun da ke biyo baya. Kwanfokal kuwa ya dace da babbar cibiyar da ake turo wa gyambon da ya ƙi jin magani, inda akwai ma'aikacin da zai zauna a kansa kullum.